Awon Kunnen Mutanen Koriya ta Kudu: Me Ake Nema a Cikin 'Yan Milimita?

Har zuwa farkon shekarar 2018, duk ɗan Koriya ta Kudu da ya shiga shagon mai hoto don a yi masa hoton fasfo ya san abin da za a fara ce masa: a tura gashi baya, a ga kunnuwa duka biyu. Wanda kunnensa ya kwanta a jikin kai har ba a hango shi ta gaba, sai mai hoto ya cusa masa 'yar auduga ko guntun takarda a bayan kunnen don ya leƙo. A watan Janairun 2018 Ma'aikatar Harkokin Wajen ƙasar ta soke wannan sharaɗi. A 2019 aka sassauta irinsa a hoton katin shaidar ɗan ƙasa, kuma cikin dalilan da aka bayar har da damuwar mutanen da aka haifa da kunne ƙarami ko wanda bai gama fitowa ba, waɗanda ake tilasta wa buɗe abin da suka fi son rufewa.

A cikin wannan shekara ta 2018 dai, wasu masu bincike a jami'ar POSTECH da ke birnin Pohang suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa kunnuwan 'yan Koriya 230 da Turawa 96, inda suka auna wurare 25 a kowane kunne. Wato a daidai lokacin da hukuma ta daina neman ganin kunne, sai ga injiniyoyi sun ƙara matso da ido kusa da shi. Abin da ya fi yawo daga cikin sakamakon shi ne cewa kunnen 'yan Koriya ya fi na Turawa girma. Maganar ba ƙarya ba ce, amma yadda ake ɗaukarta a taƙaice yana ɓatar da mai karatu. Sai an san me aka auna, yaya aka auna shi, kuma don amfanin wa.

Wane ɓangare ake aunawa?

Kunne kashi uku ne: na waje, na tsakiya da na ciki. Wannan bincike bai shafi na tsakiya da na ciki ba, inda ƙananan ƙasusuwa da jijiyoyin ji suke. Ya tsaya ga na waje, wato abin da ido ke gani a gefen kai, da ramin da ya shiga har zuwa dodon kunne.

Mai karatu zai iya bin bayanin da yatsansa. Gefen nan da ya naɗe ya kewaye kunne daga sama shi ne baki na waje. Ciki da shi kaɗan akwai wani tudu kamar kunyar gona, wanda ya rabu biyu ta sama. Idan yatsa ya gangaro daga wannan tudu zai faɗa cikin kwarmi, inda kan iyafis ke zama. Ta gaban ramin akwai ɗan tudun da mutum ke dannawa idan yana son toshe kunnensa. Can ƙasa kuma sai tattausar fatar da ake hudawa a sa 'yan kunne, ita kaɗai ce ba ta da guringuntsi. Duk sauran guringuntsi ne aka lulluɓe da fata.

Tsawon kunne ana ɗaukarsa daga ƙololuwar sama zuwa ƙarshen fatar ƙasa, kuma a yawancin manya yana kaiwa wajen santimita 6 zuwa 6 da rabi. Akwai faɗi, akwai tsawon kwarmi da faɗinsa da zurfinsa, akwai kuma tazarar da kunne ya yi daga jikin kai, wadda idan ta wuce kimanin santimita 2 likitoci ke cewa kunnen ya buɗe. Ramin kansa ya kai kusan santimita 2 da rabi. Ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa biyu, bakinsa kuma ba zagayayye ba ne, ya fi kama da siffar ƙwai. Kashi ɗaya cikin uku na farkonsa guringuntsi ne, saboda haka idan mutum yana tauna ko yana hamma, ramin yana sauya siffa. Shi ya sa iyafis ɗin da ya zauna daram lokacin da mutum ya yi shiru yake sullubowa da zarar ya fara cin abinci.

Kayan awo su ma suna da bakin magana

Hanya mafi daɗewa ita ce ta ma'auni mai baki biyu kamar hantsaki, a ɗora shi a kan kunne a karanta lamba. Matsalarta a fili take: kunne abu ne mai laushi, da an ɗan matsa sai ya lotsa, milimita ɗaya ko biyu ta tafi. Hanya ta biyu ita ce hoto, a ɗauka tare da ma'auni a gefe sannan a lissafa. Nan kuma idan kan mutum ya ɗan karkace, faɗin kunnen zai ragu a hoton. Ta uku ita ce na'urar da ke zagaya kai da haske ta fitar da siffa mai tsawo da faɗi da zurfi a kwamfuta. Ita ma haskenta ba ya kaiwa cikin loko, musamman kwarmi da rami.

Don haka ne masu binciken Pohang suka haɗa hanyoyi biyu. Suka ɗauki siffar waje da na'ura, sannan suka zuba wani abu mai kama da ƙullu a cikin kwarmi da bakin rami, ya daskare, suka zaro shi, suka ɗauki siffarsa, suka haɗa biyun a kwamfuta. Irin wannan zubi ne masu haɗa na'urar taimaka wa ji suka daɗe suna yi. Daga nan suka sa alama a wurare 21 a kan kowane kunne suka auna tsakaninsu.

Muhimmancin wannan bayani shi ne, bambancin da ake magana a kai na 'yan milimita ne. Idan aka ɗauko lambar da aka samu da hantsaki a wata ƙasa aka jera ta da wadda aka samu da na'ura a wata ƙasar, mai yiwuwa bambancin da za a gani na kayan aiki ne, ba na mutane ba. Darajar binciken 2018 ita ce an auna ɓangarorin biyu da hanya ɗaya.

Ƙasar da ta saba auna jikin mutanenta

Awon kunne bai faɗo daga sama ba. Tun 1979 gwamnatin Koriya ta Kudu take gudanar da awon jikin jama'a lokaci zuwa lokaci, shirin da yanzu ake kira Size Korea, ƙarƙashin hukumar kula da fasaha da ma'aunai ta ƙasar. An fara shi ne lokacin da masana'antu ke bunƙasa, ana ɗinka tufafi da ƙera kujeru da motoci. A zagaye na biyar, tsakanin 2003 da 2004, aka shigo da na'urar ɗaukar siffar jiki. Zagaye na takwas, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2022, ya auna mutum 6,839 masu shekara 20 zuwa 69, ya nuna matsakaicin tsawon maza santimita 172.5, na mata 159.6. Idan aka kwatanta da 1979, maza sun ƙaru da santimita 6.4, mata da 5.3. Jikin al'umma ba ya tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa ake maimaita awon.

Kunne bai samu kulawa sosai a irin waɗannan manyan awo ba, domin tela da mai ƙera kujera ba ruwansu da shi. Sai da ƙasar ta zama cibiyar kayan lantarki, gidan Samsung da LG, sannan buƙatar ta taso. A 2003 aka buga wani bincike da ya auna kunnuwan 'yan Koriya 600, daga mai shekara 17 zuwa mai 89, kuma manufarsa a bayyane take: a samu alƙaluman ƙera kayan da ake sawa a kunne.

Amma awon jikin ɗan Koriya yana da wani tarihin da bai da daɗin tunawa. A zamanin mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945, masana daga Japan sun yi ta auna kawuna da fuskokin mutanen ƙasar suna ɗaukarsu hoto, don jera al'ummomi wannan sama da wannan. A 1921 wani ƙoƙon kai ya ɓace daga ɗakin koyar da ilimin sassan jiki a kwalejin likitanci ta birnin da yanzu ake kira Seoul. Malamin darasin, Kubo Takeshi, ya ɗora wa ɗalibai 'yan Koriya laifin, yana kafa hujja da cewa ƙirar jikinsu ta nuna koma-bayansu. Ɗaliban suka ƙaurace wa aji. Ma'aunin da aka yi wancan aiki da shi da wanda ake amfani da shi yau kusan iri ɗaya ne, tambayar da ake yi da shi ce ta sauya.

Abin da alƙaluman suka nuna

Abu na farko, kuma wanda babu jayayya a kansa: a matsakaici kunnen maza ya fi na mata tsawo da faɗi. An samu haka a Koriya kamar yadda aka samu a sauran wurare.

Na biyu ya fi ban sha'awa. Kunne yana saurin girma a ƙuruciya. Yaro ɗan shekara 3 kunnensa ya riga ya kai kusan kashi 85 cikin 100 na girman na babba, faɗinsa yana cika wajen shekara 6 ko 7, tsawonsa kuma wajen 12 ko 13. Sai dai bai tsaya nan ba. Wani likita a Ingila, James Heathcote, shi da abokan aikinsa sun auna kunnuwan marasa lafiya 206, suka buga a 1995 cewa tsawon kunne yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.22 kowace shekara. A shekara hamsin, santimita guda ke nan da 'yan kai. Binciken Koriya na 2003 ma ya nuna kunne yana ƙaruwa da shekaru. Yawancin masana suna ganin ba girma ba ne irin na yaro, saki ne: fata da guringuntsi suna rasa ƙarfin komawa yadda suke, nauyi yana jan su ƙasa, musamman fatar ƙasan. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, a wajen masu awo kuwa kunnen kaka ne ya girmi na jika.

Na uku shi ne wanda ya ja hankali. A yawancin wurare 25 ɗin da aka auna a Pohang, na 'yan Koriya ya fi na Turawa, da tazarar da ta kama daga ƙasa da rabin milimita zuwa kusa da milimita 4. An kuma samu cewa kunnuwan 'yan Koriyar sun fi bambanta a tsakaninsu. Wannan kashi na biyu shi ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ya fi shafar mai ƙera kaya.

Shin akwai wani abu wai shi kunnen Koriya?

Masu ra'ayi na farko, galibinsu injiniyoyin ƙera kaya, suna cewa akwai, kuma dole a yi aiki da shi. Hujjarsu ita ce a cikin kwarmin kunne milimita biyu ba ƙaramin abu ba ne, ita ce tsakanin abin da ya zauna da abin da ya faɗo, ko abin da ke sa zafi bayan rabin awa. Suna kuma nuni da cewa kayan gwajin da masana'antar sauti ta daɗe tana dogaro da su, irin mutum-mutumin KEMAR da kamfanin Knowles ya fito da shi a Amurka a 1972, an gina su ne a kan awon da ba a Asiya aka yi ba. Wanda zai sayar wa mutum miliyan 51 kaya, in ji su, ya kamata ya san kunnensu.

Ilimin gado ya ba su ɗan goyon baya. Wani bincike da aka yi a 2015 kan mutane kusan 5,000 a ƙasashen Latin Amurka ya gano cewa ƙwayar gado mai suna EDAR tana da hannu a siffar kunne, kuma wani nau'inta ya yawaita a Gabashin Asiya. Akwai ma misalin da ya fi wannan fitowa fili. A 2006 masana a Japan suka gano cewa ƙwayar gado guda, ABCC11, ita ke raba dauɗar kunne gida biyu. Kusan duk 'yan Koriya tasu busasshiya ce, fara-fara, tana marmashewa kamar dusa, yayin da ta 'yan Afirka da yawancin Turawa mai danƙo ce, ruwan ƙasa. Mai ƙera na'urar da za ta yini a cikin kunne ba zai ce wannan bai dame shi ba.

Masu ra'ayi na biyu ba su musanta alƙaluman ba, fassararsu suke ja da ita. Suna cewa tazarar da ke tsakanin ɗan Koriya mai ƙaramin kunne da ɗan Koriya mai babban kunne ta ninka tazarar da ke tsakanin matsakaicin ɗan Koriya da matsakaicin Bature. Idan aka ajiye kunnuwa ɗari a faranti ba tare da fuskokinsu ba, babu mai iya raba su gida biyu da ma'auni. Suna ƙarawa da cewa mutum 230 da 96 ba su da yawa, kuma tunda kunne yana tsawo da shekaru, duk rukunin da tsofaffi suka fi yawa a cikinsa zai fito da manyan lambobi. Kalmar Bature kanta jaka ce da aka zuba ɗan Norway da ɗan Italiya a ciki. Siffar kunne kuma ba kamar dauɗarsa ba ce da ƙwayar gado ɗaya ke yanke hukunci. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa manne ko sakin fatar ƙasan kunne aikin ƙwaya ɗaya ne, sai wani babban bincike na 2017 ya gano wurare 49 a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciki.

Akwai tsohon darasi da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. A farkon shekarun 1950 wani jami'in rundunar sojin saman Amurka, Gilbert Daniels, ya duba awon matuƙa jirgi 4,063, yana neman waɗanda suka faɗo tsaka-tsaki a ma'aunai goma gaba ɗaya. Bai samu ko ɗaya ba. Wanda tsawonsa ya yi daidai, hannunsa ya zarce, wanda hannunsa ya yi daidai, ƙirjinsa ya gaza. Haka kunne yake: mai dogon kunne yana iya zama da ƙaramin kwarmi, mai faffaɗan kwarmi kuma da matsattsen rami. Har kunnen dama da na hagu na mutum ɗaya ba su cika zama daidai ba.

Saboda haka abin da injiniya ke nema a teburin awo ba lambar tsakiya ba ce, iyakoki ne. A jera mutum ɗari daga mai mafi ƙanƙantar kwarmi zuwa mai mafi girma, a ga ina na biyar ya tsaya, ina na casa'in da biyar ya tsaya, sannan a yanke shawarar girma nawa za a ƙera don a rufe tsakanin. Mai sayar da hula ya san wannan lissafi ko bai taɓa shiga aji ba: ba ya cika shago da lamba ɗaya don ita ce ta yawancin mutane, amma ya san wacce zai fi sarowa. Idan aka kalli lamarin ta nan, gardamar ta ragu. Awon 'yan Koriya yana gaya wa mai ƙera kaya yawan da zai yi na kowane girma a kasuwar Koriya. Ba ya gaya masa komai game da kunnen wanda ke tsaye a gabansa.

A ɗakin tiyata

Inda awon ya fi nauyi shi ne wajen likitocin da ke gina kunne. Tun a mako na shida na ciki kunne ke fara haɗuwa daga wasu 'yan tuddai shida a gefen wuyan ɗan tayi. Idan haɗuwar ta samu tangarɗa, sai a haifi yaro da ɗan dunƙule a madadin kunne. Wannan ya fi faruwa ga maza, ya fi faruwa a dama, kuma kusan tara cikin goma kunne ɗaya yake shafa. An fi samunsa a Gabashin Asiya da yankin tsaunukan Andes fiye da Turai. Akwai kuma wani nau'in da saman kunne ke nutsewa a ƙarƙashin fatar kai, wanda a Japan aka ƙiyasta yana samun jariri ɗaya cikin 400. Mai irin wannan kunne ba shi da inda zai rataya tabarau ko igiyar takunkumi, abin da ya zama babbar damuwa a 2020 lokacin da takunkumin KF94 ya zama kayan fita na kowa a Koriya.

Hanyar gina kunne da ta fi shahara a Gabashin Asiya ita ce ta likitan Japan Satoru Nagata. Ana jira yaro ya kai shekara 10, kewayen ƙirjinsa ya kai santimita 60, sannan a yanko guringuntsi daga haƙarƙarinsa. Likita zai ɗora wata takarda mai gani-har-hanji a kan lafiyayyen kunnen ya zana shi, ya juya zanen, ya zauna da wuƙa yana sassaƙa guringuntsin, yana ɗaure gutsattsarin da siririyar waya har bakin waje da kunyar ciki da kwarmi su fito, sannan ya shigar da shi ƙarƙashin fata. Bayan wasu watanni a sake buɗewa a ɗaga kunnen daga jikin kai. Ga yaron da kunnensa ɗaya lafiya lau, ma'auninsa yana jikinsa. Ga wanda duka biyun suka samu matsala, ko wanda gobara ko hatsari ya cinye masa su, sai an nemo daga waje: kunnen mahaifi ko mahaifiya, da teburin awon mutanen ƙasar, don a san tsawo da faɗi da karkatar da za su dace da fuskar.

Ga jarirai akwai hanya mai sauƙi da likitocin Japan suka fara bayyanawa a shekarun 1980. A makonnin farko bayan haihuwa guringuntsi yana da laushi ƙwarai, don haka kunnen da ya naɗe ko ya lanƙwashe ana iya sa masa ɗan maƙali ya gyaru ba tare da wuƙa ba. Idan aka bari watanni suka wuce, damar ta tafi.

Ba duk mai zuwa asibiti lalura ce ke kai shi ba. A al'adar duban fuska ta Koriya, wadda suke kira gwansang, kunne mai kauri da doguwar fatar ƙasa alamar arziki ne, ana kamanta shi da kunnen Buddha, wanda ya kafa addinin Buddha, wanda kuma fatarsa ta manne ta zube kai tsaye ana ce masa kunnen wuƙa, ba a yaba shi. Akwai masu zuwa a yi musu allurar cika fatar saboda wannan. A 'yan shekarun nan kuma yayin ya juya ga masu son kunnensu ya buɗe don fuska ta yi kamar ƙarama, abin da a Turai iyaye ke biyan kuɗi a kwantar wa 'ya'yansu. Teburin awo yana faɗin abin da ya fi yawa a cikin jama'a, ba ya faɗin abin da ya fi kyau, amma a tallan asibitin gyaran jiki sau da yawa ana haɗe biyun.

Me ya shafi mai sauraro?

Loko da tuddan kunne ba ado ba ne. Suna karkatar da sauti kafin ya isa dodon kunne, kuma da wannan karkatarwa ƙwaƙwalwa ke gane ko ƙara daga sama ta zo ko daga ƙasa, daga gaba ko daga baya. A 1998 masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan suka liƙa wa mutum huɗu wani abu a kwarmin kunne da ya sauya masa siffa. Nan take suka kasa bambance sama da ƙasa. Bayan 'yan makonni ƙwaƙwalwarsu ta koyi sabon kunnen, da aka cire abin kuma suka ci gaba da ji da tsohon kamar ba a taɓa shi ba. Ma'ana kowa da kunnensa ya koyi jin duniya. Wannan ne ya sa tun 2022 wayoyin Apple ke iya ɗaukar siffar kunnen mai su don daidaita masa sauti, Sony ma yana da manhajar da ke neman hoton kunne. Alƙiblar masana'antar ta fara barin awon al'umma tana komawa awon mutum ɗaya.

Ga talaka, batun ya fi kusa da lafiya. Iyafis ɗin da bai toshe rami da kyau ba yana barin hayaniyar titi ta shiga, mai shi kuma sai ya ƙara murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma ba da shawarar kada babba ya wuce ƙarfin sauti na desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. A masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Ulsan da Geoje, ko ta ƙarfe a Pohang, abin toshe kunnen da bai dace da ramin ma'aikaci ba kariyarsa ta suna ce kawai, kuma raunin ji saboda ƙara yana cikin cututtukan aiki da aka fi samu a ƙasar.

Sai tsofaffi. A watan Disamban 2024 waɗanda suka kai shekara 65 suka haura kashi 20 cikin 100 na al'ummar Koriya ta Kudu. Inshorar lafiya ta ƙasa tana tallafa wa wanda aka yi wa rajistar naƙasar ji da kuɗin da ya kai won (kuɗin ƙasar) miliyan 1.31 don sayen na'urar taimaka wa ji, sau ɗaya a shekara biyar. Na'urar da ke yi wa tsoho fito ko take ƙuje masa fata, aljihun tebur take ƙarewa, kuɗin kuma ya tafi. Tunda kunnen ɗan saba'in ba irin na ɗan ashirin ba ne, awon da aka yi wa ɗaliban jami'a kaɗai ba zai wadatar ba.

Kayan da aka ƙera a Koriya ba a Koriya suke tsayawa ba, suna cikin kasuwannin waya daga Kano har Yamai. An yi wasu ƙananan awo a wannan yanki, ciki har da wanda masana sassan jiki na Jami'ar Bayero suka buga a 2013 kan kunnuwan Hausawa. Abin da ke hannun mai saye dai shi ne robobin nan masu girma daban-daban da ke zuwa cikin kwalin iyafis, waɗanda yawanci ake zubarwa tare da kwalin. Gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowane kunne da nasa, shi ne awon da ya fi kowane tebur dacewa da shi.

Kunne a matsayin shaida

Tunanin da ya sa aka taɓa neman kunne a hoton fasfo tsoho ne. Tun shekarun 1880 Alphonse Bertillon na 'yan sandan Faris yake auna kunnen dama na waɗanda aka kama, bisa hujjar cewa fuska tana sauyawa da dariya da gemu da ƙiba, kunne kuwa yana nan. Amma bambanta kunne a hoto daban, dogaro da shi a kotu daban. A Ingila an ɗaure Mark Dallagher a 1998 kan kisan wata tsohuwa a Huddersfield, bisa sawun kunne da aka samu a gilashin taga. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2002, a 2004 kuma aka janye tuhumar bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna sawun ba nasa ba ne. Laushin nan da ke ba mai hantsaki wahala shi ne ya ruɗi masu shaida: kunne ɗaya yana barin sawu iri-iri gwargwadon yadda aka danna shi.

Fasfo na zamani yana dogaro ne da na'urar gane fuska da zanen yatsa, shi ya sa sharaɗin nuna kunne ya zama nauyi marar amfani. Sai dai siffar kunne ba ta daina zama alamar mutum ba, wurin ajiyarta ne ya sauya, daga takardar hukuma zuwa wayoyi da rumbunan kamfanoni. Koriya ta Kudu tana da dokar kare bayanan mutum tun 2011, kuma daga 2020 ta sa bayanan jiki da ake sarrafawa don gane wani takamaiman mutum cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Hoton kunnen da aka ɗauka don daidaita sauti ba don gane mutum aka ɗauke shi ba, amma zai iya yin wannan aikin, kuma a kan wannan gaɓa ce masu kamfanoni da masu kare sirrin jama'a za su yi ta fassara dokar.